Jinya da Hawan Doki

Jinya da hawan doki hanya ce ta taimaka wa masu lalurar gaɓoɓi ko ta ƙwaƙwalwa, inda ake ɗora majinyaci a kan doki mai sanyin hali ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Takun doki yana motsa ƙugun mahayi kusan yadda tafiyar ƙafa ke motsa shi, don haka jijiyoyin baya suna ƙarfi, zaman mutum ya daidaita. Mutum ɗaya kan riƙe ragama, wasu biyu suna tafiya gefe da gefe suna tallafe da mahayin.

Hanyar ta yi suna ne bayan 1952. A shekarar, Lis Hartel ’yar ƙasar Denmak, wadda shan-inna ta shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa tun 1944, ta ci lambar azurfa a gasar sarrafa doki ta Olamfik a Helsinki. Sai an ɗaga ta ake ɗora ta a kan sirdi. Ta sake cin azurfa a 1956. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin wannan jinya, RDA a Birtaniya da NARHA a Amurka, wadda yanzu ake kira PATH International.

Lafiyar dokin tana cikin sharuɗɗan aikin. Ana taƙaita masa sa’o’in aiki, ana gyara kofatonsa duk mako 6 zuwa 8. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, ana ƙara masa busasshiyar ciyawa da hunturu, saboda narkewarta a cikinsa tana ɗumama jikinsa.