Hanyoyin bayar da kwangilar gine-gine

Hanyoyin bayar da kwangilar gine-gine su ne tsare-tsaren da mai aiki, gwamnati ko kamfani ko mutum, yake bi wajen samun wanda zai zana masa gini ya kuma gina shi. Tsarin da aka zaɓa shi ke nuna wanda zai ɗauki asara idan kuɗi suka ƙaru, ko aiki ya yi jinkiri, ko aka sami kuskure a zane.

Manyan tsare-tsare

Tsarin gargajiya: mai aiki yana ɗaukar mai zanen gini da injiniyoyi su kammala zane, mai ƙiyasi ya fitar da jerin kayan aiki da yawansu, sannan 'yan kwangila su saka farashi. Ana sanin kuɗin tun farko, amma ba a fara gini sai zane ya ƙare, kuma kuskuren zane yana wuyan mai aiki.

Zane da gini a hannu ɗaya: ɗan kwangila guda ke yin duka biyun. Aiki yakan yi sauri, kuma ba a ɗora wa juna laifi, sai dai sauya zane daga baya yana da tsada.

Tsarin kulawa: ana biyan wani kamfani ya kula da aikin, a rarraba shi ga ƙananan 'yan kwangila. Ana iya fara gini da wuri, amma ba a sanin jimillar kuɗi sai an yi nisa.

Haɗin gwiwa da 'yan kasuwa: kamfani yana zuba kuɗinsa ya gina, ya gudanar na wasu shekaru, sannan ya miƙa wa gwamnati. Birtaniya ta ɓullo da irin wannan shiri a 1992.

Yadda ake zaɓen ɗan kwangila

A tayi na kowa da kowa, ana tallata aikin, duk mai sha'awa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe su a bainar jama'a. Wannan yana rage son kai, amma wani kan karya farashi don ya ci, daga baya ya kasa. A tayi na zaɓaɓɓu, ana fara tantance kamfanoni bisa ƙwarewa da ƙarfin jari, a gayyaci kaɗan. Akwai kuma tattaunawa da kamfani ɗaya, yawanci a aikin gaggawa, da tayi mai mataki biyu, inda ake ɗaukar ɗan kwangila kafin a gama zane, a daidaita farashi daga baya.

Dokoki da takardun yarjejeniya

Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, wadda aka kafa a 1913, tana da takardun yarjejeniya da ake amfani da su a ƙasashe da dama. Jan littafinta na aikin da mai aiki ya kawo zane ne, rawaya kuma na wanda ɗan kwangila zai zana.

A Najeriya, dokar sayen kayayyaki da bayar da kwangilolin gwamnati ta 2007 ce ta kafa hukumar BPP. Dokar ta sa tayi na kowa da kowa ya zama asali a ayyukan gwamnatin tarayya, inda ake ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi bayan tantancewa. Sauran hanyoyin sai da dalilin da doka ta amince da shi.