Daga XP zuwa Windows 11: wa ke zaɓa wa ofisoshinmu?



Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Washegari duk sun kunnu kamar kullum, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san an yi ba. Abin da ya canza shi ne, duk wata ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano daga yanzu, kamfanin ba zai ƙara toshe wa ma'aikatu ita kyauta ba. To tambayar da ke gaban meri, lakwal, gidan likita, gidan rediyo da ofisoshin ƙungiyoyi ita ce: a hau Windows 11, a zauna inda ake, ko a koma Linux? Kafin a amsa, ya kamata mu waiwaya baya, don wannan ne karo na uku da irin wannan wa'adi ya same mu.

Windows dai ita ce abin da masu gyara ke kira sistem, wato uwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. A kanta Word da Excel da sauran kayan aiki suke zaune. In ta samu matsala, duk abin da ke bisanta ya samu.

Windows XP ta fito a Oktoban 2001. A Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nijar, komin 265 suka samu majalisunsu, aka buɗe sababbin ofisoshi ko'ina. Saboda haka kwamfutar farko da ma'aikata da yawa suka taɓa, XP ce a cikinta. Amma fa ba zaɓenta aka yi ba. Na'urar ta zo ne ko dai kyauta daga wani proje, ko kuma ta hannu ce da aka sayo a Kano, ta biyo Daura ta shigo ta Dan Barto. Har yau za ka ga allon rubutu irin na Ingilishi mai fara wa da QWERTY a gaban sakataren da ya koyi bugu da AZERTY, yana neman é da ç kamar mai neman allura cikin yashi. Abin da mai gyara yake da shi a faifansa, shi yake zuba maka. Mafi yawa ba na halas ba ne, don haka sai ya kashe sabuntawa, kada kamfani ya gane. Wanda ya yi aikin ofis a waɗannan shekaru ya san cutar nan ta kile, mai ɓoye takardu ta bar maka hotonsu kawai. Maganinta ɗaya ne: a fomate. Aikin wata nawa ya tafi a haka, Allah kaɗai ya sani.

Vista ta zo a 2007, ta yi wa tsofaffin na'urori nauyi, aka tsallake ta. Windows 7 ta zo a 2009, ta karɓu. Windows 8 ta 2012 ta cire jerin nan na kusurwar ƙasa da kowa ya saba farawa da shi, mutane suka ƙi ta. Ranar 8 ga Afrilu 2014 wa'adin XP ya cika. A Yulin 2015 aka fito da Windows 10, har aka ba masu 7 ta halas shekara guda su hau kyauta, amma sai ka sauke giga da yawa daga intanet, abin da ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurinmu. Ranar 14 ga Janairu 2020 wa'adin 7 ma ya cika. Duk waɗannan ranaku a Amurka aka yanke su, mu dai sai labari.

Wani zai ce to me ya faru, ai ga mu nan lafiya. Ga abin da ya faru ga wasu. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150, ta kama kwamfuta sama da 200,000. Kulle takardun mutum take yi, ta ce sai ya biya dalar Amurka 300. Asibitocin gwamnatin Ingila sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin takaicin, Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. A da rashin intanet ne ya kare mu. Yanzu kuwa kusan kowane ofis yana haɗa kwamfuta da wayar salula don aika rahoto Damagaram ko Yamai. Wannan katangar ta faɗi.

Ita kuwa Linux, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991. Kyauta ce, kuma kowa na da izinin duba cikinta ya gyara. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu, wani nau'inta mai sauƙin aiki. Maƙwabtanmu ma sun taɓa shiga wannan gardama. A 2007 Najeriya ta yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 na kamfanin Intel don ƴan makaranta, ɗauke da Linux ɗin wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin kamfaninsa da shiga tsakani. Daga baya hukumar gwamnati da ke biyan kuɗin mafi yawan na'urorin ta ce a bar Mandriva. Ku lura da abu biyu. Na farko, manyan kamfanoni ne ke kokawa, malamai da yaran da za su yi aiki da na'urar suna gefe. Na biyu, shi kansa Mandriva ya rushe a 2015. Ashe tambayar ba ta tsaya ga wacce ta fi kyau ba. Har da wa zai kula da ita bayan shekara goma.

Akwai waɗanda suka yi ƙaura ta yi kyau. Jandarmomin Faransa ba su taɓa Windows da farko ba. A 2005 suka sauya Microsoft Office da OpenOffice, a 2006 suka koma Firefox. Sai da hannun ma'aikata ya saba, sannan a 2008 suka sanar za su koma Ubuntu, suka yi nasu nau'in mai suna GendBuntu, suka sa a dubun-dubatar kwamfutoci. Birnin Munich na Jamus kuwa ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kammala a 2013 da na'ura kusan 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Cikin koke-koken da aka yi akwai wahalar musayar takardu da sauran hukumomi masu aiki da kayan Microsoft. Wannan ya shafe mu sosai, don fom ɗin da ake aiko mana daga sama, Word ne da Excel.

To yanzu ina aka dosa? Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama ko takwararta, wato ƙirar wajen 2018 zuwa yau. Na'urorin hannu da suka cika ofisoshinmu, da yawa sun girmi haka. Mai gyara zai iya cusa ta da dabara, amma Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin sabunta irin wannan ba. Zama a kan Windows 10 da kariya kuma na kuɗi ne: ma'aikata za ta biya dalar Amurka 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, wato sama da jika 30, kuɗin ya ninka kowace shekara, kuma shekara uku ce iyaka. Ubuntu 24.04 kyauta ce, za a kula da ita har 2029, kuma nau'o'i marasa nauyi irin su Lubuntu suna tashin tsohuwar na'ura. Sai dai Sage na masu lissafin kuɗi ba ya hawa kanta. Mu ƴan rediyo ma, Adobe Audition da muke haɗa sauti da shi ba ya hawa, sai dai a koma Audacity. Amma aikin da ake yi ta intanet, kamar DHIS2 da ma'aikatan lafiya ke shigar da alƙaluma ciki, bai damu da wane sistem kake ba.

A ganina, darasin shekaru ashirin ɗin nan shi ne kada a sake bari na'ura ta zaɓa mana. Shugaban ofis ya zauna da sakatare da mai lissafi da mai gyara, a rubuta kowace kwamfuta: shekarunta, aikin da take yi, da na'urar buga takardu da ke haɗe da ita. Wadda ke riƙe da kuɗi ko manhajar da sai Windows, a nema mata Windows 11 ta halas, ko da za a saya guda ɗaya tal. Wadda aikinta rubutu ne da intanet, a bi sawun jandarmomin nan: a fara sa LibreOffice a kan Windows ɗin da take, in hannu ya saba a gwada Linux a na'ura ɗaya. Kada a sa abin da babu mai iya gyara shi tsakanin nan da Damagaram. Wadda ba ta iya ko ɗaya, a raba ta da intanet, a hana soka mata kowane kile. In za a sayi sabuwa, a tuna watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana kuran har tsawon watanni: ta tafi-da-gidanka mai batir ta fi ta tebur amfani a nan.

Kafin a taɓa komai, a kwafe takardu a wuri biyu, ɗaya a ajiye wajen ofis. Abin da ke cikin waɗannan na'urori ba na Microsoft ba ne. Sunayen ƴan jarrabawa ne, da albashin mutane, da bayanan takardun haihuwa da na gonaki. Yaron da sunansa ya ɓace daga jeri ba ruwansa da TPM, shekararsa ce ta tafi.

Wanda ofishinsu ya riga ya yi wannan sauyi, ya faɗa mana yadda ta kaya, wasu su ƙaru. Allah ya sa mu dace.