Algus a Man Shanu: Daga Muhtasibi Zuwa Hukumar NAFDAC

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san miyar kuka ba ta cika sai da man shanu. Tun daga 1917, lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, matan Fulani ke shigowa gari da ƙoren nono da mai. Da gari ya bunƙasa, sai buƙata ta fi ƙarfin tatsa, masu son banza suka shiga cakuɗa man da kitse ko man gyaɗa, daga baya kuma da bota ta kanti.

Yaƙi da algus ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Daular Usmaniyya akwai muhtasibi, wanda aikinsa shi ne lura da mudu da hana ha'inci a kasuwa. A zamanin Turawa aikin ya koma hannun duba-gari, waɗanda ke da ikon ƙwace gurɓataccen abinci. A 1974 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar abinci da magunguna, wadda ta haramta sayar da abincin da aka yi wa algus. Sa'an nan a 1993 aka kafa hukumar NAFDAC domin aiwatar da irin waɗannan dokoki. Daga 2001 zuwa 2008, a ƙarƙashin Farfesa Dora Akunyili, hukumar ta yi tashe ƙwarai, har a 2004 gobara ta cinye ɗakin gwaje-gwajenta na Kaduna.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin hukumar ya fi tasiri a kan kayan da aka rufe a gwangwani ko leda, masu lambar rajista. Man da ake aunawa a kwalba a Kasuwar Kawo ko Kasuwar Shehu Abubakar Gumi ba shi da lamba, amana ce kaɗai shaidarsa. Idan amanar ta karye, mai saye ya cutu, Bafulatana mai gaskiya kuma ta rasa ciniki, domin mai algus ya karya mata farashi.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna Legas da Abuja da sauran birane, idan za ku aika a sayo muku tsaraba, ku nemi na ƙwarai ku biya kuɗinsa, domin araha ba ta ado. Shugabannin kasuwa kuma su tuna cewa su ne magadan muhtasibi. Allah Ya tsare mu da cin haram.