Naman kazan suri da yadda ake gane shi a arewacin Zamfara

A gonakin Kurya Madaro, da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, naman kaza tsiro ne na tsakiyar damina, musamman watan Agusta, lokacin da marka ke jiƙa ƙasa kwanaki a jere. Yawancin mutane ba sa kula shi, suna kiran duk abin da ya ɓullo a juji ko a ruɓaɓɓen kututture laimar kwaɗi, saboda haka sanin wanda ake ci ya tsaya a hannun masu yawon daji, wato makiyaya da mafarauta, kuma da baki ake gadonsa.

Abin da suka dogara da shi shi ne matsirar naman kazan da kuma ƙafarsa. Wanda ake nema a jikin suri yake fitowa, domin gara ce ke noma shi a cikin gidanta a kan ciyayin da ta tauna, don haka idan aka tona gindinsa a hankali za a tarar da siririyar jijiya ta nutse can cikin surin. Tsakiyar hularsa akwai ɗan tsini mai tauri, wanda da shi yake huda busasshen yumɓu, sa'annan siraran faya-fayen da ke jere a ƙarƙashin hular farare ne, suna ɗan yin ja-ja idan ya tsufa.

Ilimin boko ya makara wajen isowa ga wannan sani. J. M. Dalziel, likitan Turawa da ya tattara sunayen tsirran Hausa, ya fitar da littafinsa a 1916, amma sai a 1942 Roger Heim, wani masani Bafaranshe, ya ware wannan dangi da sunan Termitomyces, ya kuma kafa hujja da jijiyar nan da tsinin hular. Mafi girmansu, wanda aka bayyana daga Zambiya a 1980, faɗin hularsa kan kai mita 1.

Masana sun ƙara da gwajin garin iri, wato a kifa hular a kan farar takarda ta kwana: na suri yana barin gari mai ɗan ja, shi kuwa Chlorophyllum molybdites, wanda ke tsira a filin ciyawa yana yaudarar mutane da farar hula mai faɗi, kore yake bari, kuma cinsa yana jawo amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i.