Tsofaffin magazan gyaɗa na hanyar kasuwa

Jama'a, duk wanda ya bi tsohuwar hanyar kasuwa a garuruwan gyaɗa irin su Tasawa, Magarya ko Matamaye, zai ga dogayen magaza masu rufin kwano, ƙyamarensu duk tsatsa. Nan fa arzikin garin ya taɓa kwana.

Zamanin Turawa, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA ke riƙe da cinikin gyaɗa. Da kaka ta yi, manomi ya kawo buhunansa, a aza bisa sikeli, a biya shi, ya juya ya sayi atamfa, sukari da kananzir. Da farko ta Kano gyaɗar ke bi, jirgin ƙasa ya kai ta Legas. Daga 1953 aka fara karkata ta zuwa Kwatano. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA, ta karɓi harkar. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, ciniki ya mutu.

Yanzu wasu sun zube, wasu an rushe an zuba butik na siminti. Matasa masu waya, ku ɗauki hotonsu, ku tambayi tsofaffin da suka yi dako a ciki tun suna raye. A garinku wanne ya rage?