Tashar Smith–Ninth Streets: Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa da Ya Hau Sama

A unguwar Gowanus ta yankin Buruklin, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka, akwai wata tashar jirgin cikin gari mai suna Smith–Ninth Streets, wadda aka buɗe ranar 7 ga Oktoba, 1933. Dandamalinta yana sama da ƙasa da ƙafa 87 da rabi, wato kusan mita 27, kwatankwacin bene mai hawa takwas. Ta shafe shekaru masu yawa ana ɗaukarta tashar jirgin cikin gari mafi tsayi a duniya, har yanzu kuma babu wadda ta kai ta a Niyok. Amma abin nazari a kanta ya wuce tsayi: hukumar da ta gina ta an kafa ta ne da nufin raba birnin da layukan dogo na sama.

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 jiragen sama-da-titi suka mamaye Manhatan da Buruklin. Ginshiƙan ƙarfe ne aka jera a kan manyan tituna, jirgi yana bi ta kansu, ƙasa kuwa sai duhu da ƙara da faɗuwar darajar gidaje. Kamfanoni masu zaman kansu ke riƙe da su, kuma biyu daga cikinsu, IRT da BMT, su ne suka gaji harkar gaba ɗaya. Magajin gari John Hylan, wanda ya yi mulki daga 1918 zuwa 1925, ya ƙi jinin kamfanonin nan, ya kuma dage sai birni ya gina layinsa na kansa. Daga nan aka samu tsarin IND, wanda ya fara aiki a 1932. Manufarsa a bayyane take: a haƙa rami a ƙarƙashin titi, in ya kammala a rushe ƙarafan da ke sama. An kuwa rushe layin sama na titin Sixth Avenue a ƙarshen shekarun 1930.

To me ya fito da injiniyoyin IND sarari a Gowanus? Ruwa da tudu. Layin da ya taso daga tsakiyar Buruklin zai nufi kudu dole ya ƙetare mashigin ruwa na Gowanus, wanda aka haƙa a ƙarni na 19, tsawonsa kusan kilomita 3. A lokacin mashigin cike yake da jiragen dakon gawayi da katako da kayan masana'antu. Ƙasar wajen asalinta fadama ce, kuma da an ƙetare ruwan sai ta fara hawa da sauri zuwa tudun Park Slope. Ramin da zai nutse ƙarƙashin ruwa, sannan ya hauro cikin ɗan gajeren zango ya riski tudun, zai ci kuɗi ainun, hawansa kuma zai wahalar da jirgi. Sai aka zaɓi gada. Ita ma gadar ba ta da ikon yin ƙasa, domin ƙa'idojin sufurin ruwa sun wajabta a bar wa jiragen ruwa masu tsayi hanya. A ƙarƙashinta ma akwai gadar motoci ta titin Ninth Street, wadda ake ɗagawa sama idan jirgin ruwa zai wuce. Jiragen ruwa ne suka yanke tsayin tashar, fasinja bai shiga lissafin ba.

Ginin kansa ya bambanta da tsofaffin tashoshin sama na birnin. Waɗancan ƙarfe ne tsirara, siriri, ana hango sararin sama ta tsakanin katakon dogo. Wannan kuwa ƙarfe ne aka lulluɓe da kankare, jibgege, kamar an ɗauko ramin ƙarƙashin ƙasa an ɗora shi a kan ginshiƙai. Layukan dogo huɗu ne, biyu na gefe na jiragen da ke tsayawa kowace tasha, biyu na tsakiya na masu wucewa kai tsaye, da dandamali biyu a gefe da gefe. Ita da maƙwabciyarta Fourth Avenue su kaɗai ne tashoshin sama a ainihin tsarin IND na farko. A yau jiragen F da G ke tsayawa a nan. Na G a nan yake sauke fasinjansa na ƙarshe kafin a miƙa shi zuwa Church Avenue a 2009.

Kankaren da ya ba gadar ƙarfi shi ne daga baya ya zame mata ciwo. Ruwan sama ya riƙa ratsawa, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya fara ɓantarewa. Sai da aka naɗe sassan gadar da baƙin ƙyalle don kada gutsattsari su faɗo kan masu wucewa. A shekarar 2011 aka rufe tashar, ba a sake buɗe ta ba sai 26 ga Afrilu, 2013, bayan kashe kimanin dala miliyan 32. An sake rufi da fitilu, an gyara matakalan lantarki, an kuma ƙawata tagogi da aikin mai zane Alyson Shotz, wadda ta ɗauko tsofaffin taswirorin matuƙan jirgin ruwa na Gowanus da Red Hook. Zaɓin ya dace da tarihin wurin. Wanda ya tsaya a dandamali yana hango dogayen gine-ginen Manhatan da tashar jiragen ruwa, har da Mutum-mutumin 'Yanci can nesa.

Sai dai wannan ita ce tasha mafi kusa da Red Hook, unguwar da ba ta da tashar kanta, wadda kuma ke ɗauke da rukunin gidajen gwamnati mafi girma a Buruklin. Mazaunanta sun yi kusan shekara biyu suna dogaro da bas, a cikin wannan tsakani kuma guguwar Sandy ta Oktoban 2012 ta shafe unguwar da ambaliya. Da aka buɗe tashar, babu lifta ko ɗaya, ko da yake dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka tana nan tun 1990. Hukumar sufuri ta MTA ta kafa hujja da tsadar aikin. Mai keken guragu, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da uwa mai tura jariri, duk an bar su da matakala.

Injiniyoyin 1933 suna da uzurinsu, domin ruwa da tudu da doka ne suka ɗaure musu hannu, zamaninsu kuma bai san wannan haƙƙi ba. Gyaran 2013 ba shi da irin wannan uzuri. A 2022 ne MTA, bayan ƙarar da ƙungiyoyin naƙasassu suka shigar, ta amince za ta mayar da kashi 95 cikin 100 na tashoshinta masu shiguwa ga kowa, amma wa'adin da ta ɗauka shi ne shekarar 2055.