Asalin Ɗan Akwatin Da Ke Leƙowa A Shafin Intanet

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a shagon intanet a Tamanrasat ya san abin. Ka ɗora kibiyar linzami a kan hoto ko mahaɗi, ka dakata ba ka latsa ba, sai wani ɗan akwati ya leƙo da gajeren bayani, da Larabci ko Faransanci. Kana gusawa ya ɓace. Ga baƙon da ya hauro daga Agadas ta Assamaka da In Gezzam, wannan ɗan rubutu kan gaya masa inda ƙofa za ta kai shi kafin ya tura ta. Asalinsa ya kai shekara talatin, kuma saiwarsa biyu ce da aka daɗe ana cakuɗawa.

Saiwa ta farko ta mahaɗi ce. A 1989 Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin da ya zama yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, a 1991 kuma ya fitar da jerin alamomin farko na harshen HTML. Da aka kammala ƙa'idar HTML 2.0 a Nuwamban 1995, mai rubuta shafi yana da damar liƙa wa mahaɗi wata sifa mai suna title, wato taken inda mahaɗin ya nufa. Ƙa'idar da kanta ta ba da shawarar a nuna taken cikin ɗan akwati idan kibiya ta tsaya a wurin. Ido ya riga ya saba da irin haka: kamfanin Apple ya sa Balloon Help cikin System 7 tun 1991, Microsoft kuma ya baza nasa ƙananan akwatunan masu ruwan ɗorawa tare da Windows 95.

Saiwa ta biyu ta hoto ce. A Fabrairun 1993 Marc Andreessen, yana aikin burauzar Mosaic a Jami'ar Illinois, ya kawo alamar saka hoto cikin shafi. Sai dai ba kowa ke ganin hoto ba. Akwai masu amfani da burauzar Lynx, wadda rubutu zalla take nunawa. Akwai masu layin tarho mai tafiyar hawainiya da kan kashe hotuna don shafi ya buɗe. Akwai kuma makafi da manhaja ke karanta musu allo. Dominsu aka samar da sifar alt, rubutun da ke tsayawa a madadin hoto idan hoton bai samu ba.

Daga nan aka samu ruɗani. Internet Explorer, wadda ta mamaye kwamfutocin duniya a ƙarshen shekarun 1990, ta riƙa nuna rubutun alt a matsayin ɗan akwatin leƙe. Masu shafuka suka ɗauka amfaninsa ke nan, suka cika shi da talla da kirarin kaya, makaho kuwa ya saurara bai ji abin da ke cikin hoton ba. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta raba gardama a HTML 4.0, Disamban 1997: ta wajabta alt a kan hoto, ta kuma buɗe wa title hanya ya hau kusan kowace alama. Firefox da ta fito a 2004 ta bi wannan rabo, ta ƙi nuna alt a akwati. Sai a 2009 Internet Explorer 8 ta bi sahu.

A wannan tsakani intanet ya shigo Aljeriya a 1994 ta cibiyar CERIST da ke Aljiyas, kusan kilomita 2,000 arewa da duwatsun Ahaggar, inda Tamanrasat take. Kafin ya wadatu a kudu, zamani ya juya. Wayar shafa ta bazu bayan fitowar iPhone a 2007, Aljeriya ta ƙaddamar da 3G a ƙarshen 2013, jama'a da dama suka fara shiga intanet da yatsa. Yatsa kuwa ba ya shawagi a kan rubutu kamar kibiya: ko ya taɓa, ko bai taɓa ba. Ɗan kasuwar da ke duba kaya a wayarsa a kasuwar Assihar ta Tamanrasat ba zai ga akwatin ba ko an rubuta shi. Shi ya sa ƙa'idar HTML5 ta 2014 ta gargaɗi marubuta kada su dogara da title.

Wannan tarihi ya shafi duk mai gina shafi da Hausa. Mai karatunka yana iya kasancewa a Tamanrasat ko Arlit, waya a hannu, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Farashi, adireshi da gargaɗi, a rubuta su a fili inda kowa zai gani. Title ya zauna a matsayin ƙarin haske ga mai linzami. Alt kuwa a rubuta shi da kulawa, da Hausa mai kyau, domin ranar da hoto ya ƙi buɗewa a tsakiyar Sahara, wannan jimlar ce kaɗai za ta isa ga mai karatu.